Yadda ake lissafin nisa da ainihin lokacin tafiya daga Kuala Lumpur zuwa Bankok a jirgin sama

Daga Kuala Lumpur zuwa Bankok jirgi na yin awa biyu da kwata ne, wani lokacin ya ragu kaɗan wani lokacin ya ɗan gota. Wannan duk wanda ka tambaya zai faɗa maka. Amma in ka ɗauki awa biyu da kwatan nan ka gina shirinka a kai, ka ce wa mai kaya a Pratunam, kasuwar tufafi ta Bankok, kana nan tafe kafin azahar alhali sai tara na safe jirginka zai tashi, toh ka shirya ba da haƙuri, don tafiyar daga ƙofar ɗakinka zuwa ƙofar otal ɗin da za ka sauka kusan awa takwas take ci. Yaranmu da ke karatu a Maleshiya da 'yan kasuwa masu haɗa Maleshiya da Tailan a tafiya ɗaya su suka fi bin hanyar nan, kuma lissafin da zan nuna ɗin nan yana aiki a kan kowane gari biyu na yankin, sunayen kawai za ka canza.

Mataki na farko: ka san daga wane fili zuwa wane fili

Kafin maganar kilomita ma tukuna. Bankok filin jirgi biyu gare ta, kuma ba kusa da juna suke ba. Akwai Suvarnabhumi, wanda a tikiti za ka ga an rubuta BKK, shi ne babban, an buɗe shi a 2006, yana gabas da gari kamar kilomita 30. Sai Don Mueang, a tikiti DMK, shi ne tsohon, yana arewa da gari, kuma nan ne yawancin jirage masu araha suke sauka. Malaysia Airlines da Thai Airways Suvarnabhumi suke zuwa. AirAsia kuwa gidansu Don Mueang ne, duk da dai suna da wasu jiragen da ke sauka ɗaya filin, shi ya sa kar ka yi zato da sunan kamfani, haruffa ukun nan na kan tikitin su za ka kalla.

Ɓangaren Kuala Lumpur shi ma akwai nasa tarkon. Filin KLIA, wato KUL a tikiti, ba a cikin gari yake ba sam, yana can Sepang, sama da kilomita 50 kudu da tsakiyar gari, tun 1998 aka mayar da shi can. Kuma tasha biyu ce a cikinsa, Terminal 1 da Terminal 2 wanda har yanzu mutane klia2 suke ce masa. Duka biyun KUL ne a tikiti, amma gini daban daban ne, ba a takawa a ƙafa daga wannan zuwa wancan da akwati. AirAsia na Terminal 2, Malaysia Airlines da Thai Airways na Terminal 1. In direba ya sauke ka a wanda ba naka ba akwai jirgin ƙasa tsakaninsu, ringit 2 ne na kuɗin Maleshiya kuma minti uku kacal, sai dai kafin ka nemo inda ake hawa, ka jira, ka sauka ka sake hawa bene, minti ashirin zuwa talatin sun tafi a banza.

Mataki na biyu: nisan a miƙe

Tsakanin KUL da BKK kilomita 1,220 ne kusan, in Don Mueang ne kuma ya kai wajen 1,250 tunda shi ya fi can arewa. Wasu shafukan za su ba ka da mil, sai ka ga 760, wasu kuma da mil ɗin matuƙa jirgi sai ka ga wajen 660, kar ya ruɗa ka duk nisa ɗaya ne ma'aunin ne ya bambanta. In ka ga mil na yau da kullum ka ninka da 1.6 ka samu kilomita, in na matuƙa ne ka ninka da 1.85. Don ka ji a jikinka, Kano zuwa Legas a sama kilomita 830 da ɗoriya ne, wato wannan tafiyar kamar Kano-Legas ɗaya da rabi ce.

In kana son dubawa da kanka ka shiga Great Circle Mapper ka rubuta KUL-BKK haka da karan ɗori a tsakiya, zai zana maka layin ya ba ka lambar. Ko a Google Maps na kwamfuta ka danna dama a kan filin farko, ka zaɓi wajen auna nisa, ka danna na biyun. Abin lura kawai shi ne layin da suke zanawa a miƙe yake sak, jirgi kuwa ba ya bin sa haka, yana da hanyoyinsa a sama da masu kula da zirga-zirga suke ɗora shi a kai, ga kauce wa hadari, ga kewayen da zai yi kafin ya daidaita da titin sauka, so abin da zai ci a zahiri ya ɗan fi lambar nan. Tafiyar dai arewa ce kusan tsaye, ka bi tsawon Maleshiya, ka wuce kudancin Tailan, ka tsallake tekun da ke gaban Bankok.

Mataki na uku: mayar da kilomita zuwa awa

Jiragen da ke wannan hanyar yawanci A320 ne ko Boeing 737 da 'yan uwansu, in sun gama hawa sun daidaita suna gudun kilomita 830 a awa ko kusa da haka. Amma ba da wannan gudun suke tashi ba kuma ba da shi suke sauka ba. Ga lissafin da nake yi, mai sauƙi ne ko a ka za ka iya: ka raba nisan da 800, abin da ya ba ka sai ka ƙara minti 30. Minti talatin ɗin nan na tafiyar da jirgi ke yi a ƙasa ne daga inda ya ɗauke ku zuwa titin tashi, da layin jiran izini, da hawa da saukowa, da sake lallaɓawa zuwa inda zai faka.

Mu gwada. 1,220 raba 800 ya ba da awa ɗaya da minti 32, ƙara 30, awa biyu da minti biyu kenan. Kamfanonin kuma suna rubuta awa biyu da minti goma zuwa ashirin a tikiti, don su ma suna ƙara ɗan rara saboda kar a riƙa cewa kullum a makare suke. Ka ga lissafin bai yi nisa ba. Ainihin zaman da za ka yi a sama daga tashin taya zuwa dirarta ƙasa bai cika kai awa biyu ba.

Gwada shi da wasu garuruwan ka gani. Penang zuwa Bankok wajen kilomita 935, lissafi ya ba da awa ɗaya da minti arba'in, haka yake kusan. Singafo zuwa Bankok kilomita 1,400 da 'yan kai, ya ba da awa biyu da kwata, a tikiti za ka ga kusan biyu da rabi. Kuala Lumpur zuwa Singafo kuwa kilomita 300 ne kawai, lissafi ya ba da ƙasa da awa ɗaya, tikiti ya ce awa ɗaya da 'yan mintuna, wannan ita ce hanyar da ni ban ga dalilin hawa jirgi a kanta ba in ba wani jirgin za ka kama a can ba, don lokacin da za ka ɓata a filayen ya ninka na saman sau da yawa.

Mataki na huɗu, kuma nan ne mutane suka fi ruɗewa: agogo

Maleshiya tana gaban Tailan da awa ɗaya. In ƙarfe goma ne a Kuala Lumpur, tara ne a Bankok. Tikiti kuma kowane lokaci da agogon garin da abin ke faruwa yake rubuta shi, na tashi da agogon inda ka tashi, na sauka da agogon inda ka sauka. Saboda haka a zuwa za ka ga an rubuta tashi 9:00 sauka 10:15, sai mutum ya ce kai ashe awa ɗaya da kwata ne, a dawowa kuma ya ga tashi 11:00 sauka 14:15 ya ce wannan jirgin tsayawa yake a hanya ko me, awa uku da kwata. Duk ƙarya ido yake maka, biyu da kwata ne zuwa da dawowa. Ƙa'idar ita ce in za ka Bankok ka ƙara awa ɗaya a kan bambancin da ka gani, in za ka dawo ka cire ɗaya.

Abin mamakin ma shi ne in ka kalli taswira garuruwan biyu kusan a layi ɗaya suke daga kudu zuwa arewa, rana kusan tare take fito musu. Bambancin na gwamnati ne kawai, a ranar 1 ga Janairu 1982 aka tura agogon yammacin Maleshiya gaba da rabin awa don ya zo daidai da na Sabah da Sarawak da ke can tsibirin Borneo, Singafo ma ta bi sahu. Shi ya sa azahar a Kuala Lumpur yawanci sai ƙarfe ɗaya ta wuce take shiga, magariba kuma bakwai da wani abu, amma a Bankok sha biyu da 'yan mintuna an kira azahar. Wanda ya saba da Juma'ar KL ya sauka Bankok ranar Juma'a ya ce bari ya ɗan huta zuwa ɗaya da rabi, sai dai ya tarar ana fitowa. Ka sabunta manhajar lokutan sallah da zarar ka sauka, ka tabbatar ta gane garin da kake. Mai azumi kuma in magariba ta riske shi a sama da faɗuwar ranar da yake gani zai yi aiki, ba da agogon hannunsa da bai san na wace ƙasa yake bi ba.

Wayarka za ta gyara kanta in ta kama layi, amma in ba ka da sim ɗin can kuma ba ka hau wayfay ba tana iya zama a kan agogon KL har ka isa masauki, na hannu kuwa tun a cikin jirgi ka mayar da shi baya. Na gida kuma masu jiran su ji ka sauka lafiya, Najeriya da Nijar suna bayan Maleshiya da awa 7, bayan Tailan da awa 6, ka faɗa musu da agogonsu tun kafin ka tashi, kar Hajiya ta kwana tana kiran layin da ke kashe.

Mataki na biyar: daga ɗaki zuwa KLIA

Nan lissafin ya danganta da inda kake zaune. Ɗan Cyberjaya ko Putrajaya ko Nilai shi ya huta, filin a bayan gidansa yake, rabin awa a mota ya isa in hanya ta yi kyau. Wanda ke Gombak kuwa can arewacin gari sai ya ratsa KL gaba ɗayanta, shi awa ɗaya da rabi zai ware ko fiye in lokacin fita aiki ne.

Mafi tabbas shi ne jirgin ƙasa na KLIA Ekspres daga KL Sentral, babbar tashar jiragen ƙasa ta gari, minti 28 zuwa Terminal 1, minti 33 zuwa Terminal 2, ringit 55, yana tashi kamar kowane minti ashirin. Da tsada gaskiya, amma ba ruwansa da gosulo ba ruwansa da ruwan sama. Akwai ɗan uwansa KLIA Transit mai tsayawa a Bandar Tasik Selatan da Putrajaya da Salak Tinggi, ya fi shi jinkiri da 'yan mintuna. Bas daga KL Sentral ko tashar bas ta TBS kuɗinta bai kai rabin na jirgin ba, awa ɗaya take yi in an yi sa'a. Grab kuma, tasin da ake kira ta manhaja, in ku uku ne ko huɗu da akwatuna ta fi muku sauƙi a kan kowa ya biya 55, sai dai ku tuna kuɗin tolget daban ne. Duk wanda ka zaɓa, in jirginka na sassafe ne irin na shida ko bakwai, jirgin ƙasan farko sai wajen biyar na asuba yake fara tashi, ba zai kai ka da wuri yadda ake so ba, mota za ka nema ko ka kwana a filin.

Don lissafinmu mu ce kana cikin gari: rabin awa zuwa KL Sentral, minti arba'in da biyar jira da tafiyar jirgin ƙasa. Awa ɗaya da kwata.

Mataki na shida: zaman fili

Ka isa da awa biyu da rabi zuwa uku kafin tashi. Na san akwai masu cewa ai na yi cekin a waya, jakar hannu kawai gare ni, awa ɗaya ta isa. Wannan maganar mai fasfon Maleshiya ce ko na Singafo, wanda zai ɗora fasfo a na'ura ƙofa ta buɗe masa. Kai mai koren fasfo sai ka je kanta an duba bizarka da ido, wani lokacin ma manhajar ba za ta ba ka katin shiga jirgi ba sai an ga takardunka, ma'aikaciyar ta juya fasfon ta sake juyawa, ta tambayi tikitin dawowa, ta tambayi otal, wani sa'in ta miƙe ta je ta nuna wa ogansu. Kanta kuma ana rufe ta awa ɗaya kafin tashi, ba sa jin roƙo. Ƙofar shiga jirgi a AirAsia minti 20 kafin tashi ake rufewa.

Terminal 2 dogo ne ba na wasa ba, ka fara ratsa kasuwa guda kafin ka kai wajen cekin, bayan imigireshin kuma wasu ƙofofin sai ka tsallake wata doguwar gada, tafiyar minti goma sha biyar zuwa ashirin a ƙafa ba abin mamaki ba ne. In da tsoho ko mai ciki a tafiyar a nemi keken guragu tun a kanta. A Terminal 1 kuma wasu jiragen daga wani gini daban suke tashi wanda sai an ɗauke ka zuwa can. Masallatai dai akwai su ko'ina, ka nemi alamar surau, ka yi alwalarka ka yi sallarka a natse kafin ka shiga.

Sai maganar kaya, tunda ita ma lokaci take ci. Jakar hannu a AirAsia kilo 7 ce duka duka, kuma suna aunawa. Mai zuwa sarin kaya ya sayi kilon dawowa tun lokacin da yake yankar tikiti, don a kanta kuɗin ninkuwa yake, kuma babu abin da ke cinye minti talatin kamar ka durƙusa a gaban layi ka zuge akwati kana kwashe jins kana cusawa a leda mutane na kallonka.

Mataki na bakwai: bayan an sauka

Wannan shi ne wajen da ba ya cikin kowane tikiti kuma shi ya fi shafarmu. Abu uku ka tabbatar suna hannunka tun kafin ka bar KL. Biza, don mai fasfon Najeriya ba a buga masa ita a fili, sai ya nema tun kafin tafiya, yanzu ta intanet ake cikewa. Sai katin shigowa na intanet da suke kira TDAC, wanda ya fara aiki ranar 1 ga Mayu 2025, ana cike shi cikin kwana uku kafin isa, kyauta ne, duk shafin da ya ce ka biya kuɗi na 'yan damfara ne, ka cike ka yi sikirinshot ka ajiye don kar ka tsaya neman netwok a layi. Na uku katin rigakafin shawara, yelo kad ɗin nan. Najeriya da Nijar da Gana da Kamaru da Chadi da Sudan duk suna cikin jerin ƙasashen da Tailan ke neman shi a wajensu, ka riƙe naka ko da shekara biyu ka yi a Maleshiya ba ka je gida ba, su fasfo suke gani.

Ga yadda za ka yi. Kana fitowa daga jirgi kowa zai ruga layin imigireshin, kai kar ka bi su. Ka nemi kantar jami'an lafiya tukuna, akwai alamarta a hanya kafin a kai wajen buga fasfo, ka miƙa fasfo da yelo kad su duba su sallame ka, sannan ka shiga layi. In ka tsallake su za ka yi minti arba'in a layi ka isa gaban jami'i ya kalli fasfon ya nuna maka baya da hannu, ka koma ka faro daga farko. A ware wa wannan matakin gaba ɗaya, lafiya da imigireshin da ɗaukar akwati, awa ɗaya, in manyan jirage sun sauka tare da naku ya kai ɗaya da rabi.

Ɗalibi kuma ya duba sitikar zamansa ta Maleshiya kafin ya fita, in ta kusa ƙarewa ko fasfon na wajen sabuntawa a haƙura da tafiyar, fita ba wuya, dawowar ce abin ji.

Mataki na takwas: shiga gari

In Suvarnabhumi ka sauka kuma Pratunam za ka, ka sauka can ƙasan ginin ka hau Airport Rail Link, ka sauka a Ratchaprarop, daga nan kasuwar da dogon benen Baiyoke tafiyar ƙafa ce. Ƙarshen layin Phaya Thai ne, rabin awa, kuɗin bai wuce bat 45 na Tailan ba, nan ake canzawa zuwa jirgin sama-sama na BTS in Nana za ka, unguwar Larabawa inda abincin halal yake a kowane lungu, kusa da asibitin Bumrungrad da masu zuwa ganin likita suka sani. Jirgin ba ya aiki bayan sha biyun dare. Tasi kuma a hawa na ɗaya ake samu, ka ciri 'yar takarda a na'ura ta ba ka lambar layin motarka, kuɗin mita ne da ƙarin bat 50 na fili da kuɗin tolget. Ka ce a kunna mita tun kafin mota ta motsa. Minti arba'in ne in hanya a buɗe take, amma gosulon Bankok na yamma daga huɗu zuwa takwas in ya kama ka, musamman an yi ruwa, awa ɗaya da rabi kana kallon bayan mota ɗaya.

Daga Don Mueang akwai bas A1 zuwa Mo Chit inda za ka hau BTS, akwai kuma jirgin ƙasa na jan layi zuwa babbar tashar Krung Thep Aphiwat. Da akwatuna biyu manya ni dai tasi zan ce ka hau, hawa da saukar benen tashoshin nan da kaya wahala ce. A ware minti hamsin.

Yanzu tara su. Awa ɗaya da kwata zuwa KLIA, biyu da rabi a fili, biyu da kwata a jirgi, ɗaya wajen fita, minti hamsin shiga gari. Awa bakwai da minti hamsin, ka ce takwas. Jirgin ƙarfe 9:00 na safe yana nufin ka bar ɗaki 5:15 na asuba, ka sauka 10:15 agogon Bankok, ka isa otal sha biyu ta ɗan gota, kuma yawancin otal sai biyu na rana suke ba da ɗaki, sai dai ka ajiye kaya a wajensu ka fita. A dawowa awa takwas ɗin dai ce amma agogo zai nuna maka tara, wanda ya bar Pratunam takwas na safe sai biyar na yamma zai ga ɗakinsa a KL, kar ya sa ran lakcar ƙarfe biyu.

Wasu abubuwan da ke ƙara lokaci

Jirgin safe ya fi na yamma cika alƙawari. Jiragen nan masu araha jirgi ɗaya ne ke ta kai da kawowa tun asuba, in ya makara minti ashirin a zangon farko haka zai yi ta tara bashin har dare, ga shi ruwan KL da tsawa da la'asar suka fi zuwa. Damunar Bankok daga Mayu zuwa Oktoba ce, Satumba ta fi ƙarfi. Kafin ka biya ka sa lambar jirgin a Flightradar24 ko FlightAware ka ga yadda ya yi a kwanakin baya, in kullum sai ya makara da awa guda toh kai ma haka zai yi maka. Lokacin Songkran, bikin watsa ruwan nan na 13 zuwa 15 ga Afrilu, da sabuwar shekarar 'yan Chana da hutun ƙaramar sallah a Maleshiya, filayen cika suke maƙil, ƙara awa ɗaya a kan komai.

A Google Flights ka tace ka bar masu tafiya kai tsaye kawai. Za ka ga wasu tikitin sun fi araha da 'yan ringit amma sai sun bi ta Singafo ko wani garin, tafiyar awa biyu ta koma shida ko bakwai, kuma in tikiti biyu ne daban aka haɗa maka za ka iya buƙatar bizar ƙasar tsakiyar don ka fita ka ɗauki akwati ka sake cekin, da fasfonmu wannan ba ƙaramin haɗari ba ne.

Haka wanda zai sauka Don Mueang ya kama babban jirgi zuwa gida daga Suvarnabhumi. Akwai bas kyauta tsakanin filayen in ka nuna tikitin gaba, amma tafiyar awa ɗaya ce ko fiye, kuma sai ka shiga ƙasar da biza kafin ka hau ta. Ƙasa da awa biyar tsakanin jiragen biyu ni ba zan yarda ba, in da hali ma a nemi wanda zai sauka BKK ɗin kai tsaye ko da ya fi tsada.

Masu tambayar ko a bi ta ƙasa, ana bi. Jirgin ƙasa na ETS daga KL Sentral zuwa Padang Besar a bakin boda wajen awa biyar da rabi, daga nan a hau na Tailan mai gadon kwana ta Hat Yai har Bankok, gaba ɗaya da jiran da ke tsakani kwana guda cur ne. Wanda ke karatu a Kedah ko Perlis shi kam bai kamata ya gangaro KL ba ma, ya riga ya ci kusan kashi ɗaya cikin uku na hanyar, Penang ta fi masa kusa, daga can awa ɗaya da minti arba'in ne, sai ya sake lissafin daga mataki na biyar da lokacin motar da za ta kai shi filin Penang ɗin.